Yini guda a gidan tarihin Olamfik na Lozan

Tsakanin Mayu da Yuni na kowace shekara ba a rasa mutanenmu a Janiba. Jami'an lafiya na zuwa babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, shugabannin ƙwadago na zuwa nasu taron, ga 'yan jarida da ɗalibai da masu rakiya. Kusan kowa kan samu yini ɗaya da ba a zama, kuma yawanci a shagunan agogo da cakulan yinin yake ƙarewa, ana ta tambayar farashi ana ajiyewa. Ga wanda ya samu irin wannan rana, shawarata ita ce ya hau jirgin ƙasa ya nufi Lozan, inda gidan tarihin wasannin Olamfik yake a bakin tafki. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Sai dai akwai yadda ake shiga gidan a fito da abin faɗa, akwai kuma yadda ake shiga a fito da hotuna a waya da ciwon ƙafa kawai.

Tun farko ka duba ranar. A mafi yawan shekara gidan a rufe yake ranar Litinin, saboda haka ka leƙa shafinsu na intanet ka tabbatar da lokacin buɗewa da kuɗin shiga, in da hali ma ka yanki tikiti a can. Siwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai amma tana cikin yankin Shengen, wato bizar da ta kawo ka Janiba ko Faransa ta wadatar. Kuɗinsu faran ne na Siwizalan, ba yuro ba, kuma katin banki na aiki kusan ko'ina. Wanda ya sayi tikitin zagaya ƙasa da ake kira Swiss Travel Pass ya tuna cewa tikitin na buɗe masa ƙofar ɗaruruwan gidajen tarihi, kada ya biya sau biyu.

A tashar Janiba ka sayi tikiti kafin ka hau, domin ba a saye a cikin jirgi, kuma mai duba tikiti ba ya sauraron uzurin baƙunta, tara zai rubuta maka. Ka kula da lambar da ke jikin tarago: 1 na masu tikiti mai tsada ne, 2 na sauran jama'a. Ka zauna ta hannun dama, ta nan tafkin yake. A allon tasha Lausanne za ka gani a rubuce. In ka sauka ka bi alamar jirgin cikin gari mai lamba M2, wanda ba shi da direba, ka hau mai gangarawa har tashar ƙarshe, Ouchy-Olympique. Garin a kan tudu yake, mai gangare sosai, kada ƙarfin hali ya sa ka ce za ka dawo da ƙafa. Daga tashar ka juya hagu, ruwa na hannun damanka, ka yi tafiyar kamar minti goma. Za ka wuce wani ƙasaitaccen otal, Beau-Rivage Palace, inda aka zauna tattaunawar nukiliyar Iran a 2015. Gaba kaɗan za ka ga lambu mai hawa-hawa, gidan na can sama.

Ba haka kawai gidan ya zo Lozan ba. A birnin Faris aka kafa Kwamitin Olamfik na Duniya ranar 23 ga Yuni 1894, bisa ƙoƙarin wani Bafaranshe, Pierre de Coubertin. Da yaƙin duniya na farko ya yi tsanani, sai ya kwashe ofishin a 1915 ya kai shi ƙasar da ba ta shiga yaƙin ba. Tun daga nan kwamitin yake Lozan, ƙungiyoyin wasanni da yawa suka biyo shi, har da kotun sauraron ƙararrakin wasanni da muke yawan ji a labarai in an dakatar da ɗan wasa ko an yi rikicin sakamako. Shi gidan tarihin an buɗe shi ranar 23 ga Yuni 1993, zamanin shugabancin Juan Antonio Samaranch, aka sake masa fasali aka buɗe a ƙarshen 2013. Ka riƙe wannan a ranka: kwamitin ne ya gina gidan, shi yake gudanar da shi, labarinsa kuma yake bayarwa. Za mu dawo kan wannan.

Kada ka yi gaggawar shiga. Lambun kyauta ne, kuma ya cancanci minti talatin. A jikin matakalar da za ka hau an sassaƙa shekarun wasanni da sunayen waɗanda suka ɗauki wutar Olamfik a zangon ƙarshe. Ka nemi 1996, za ka ga Muhammad Ali, wanda ya kunna wutar Atlanta hannunsa na karkarwa saboda ciwo, shekara 36 bayan ya ci zinare a Roma yana saurayi mai suna Cassius Clay. Akwai filin gudu na mita 100 da aka jera wa fitilu masu gudu daidai da saurin Usain Bolt, wanda ya yi nisan cikin daƙiƙa 9.58 a 2009. In kana tare da yara ka bar su su gwada, su ga inda fitilar take sa'ad da su ba su ko yi rabi ba. Kai kuma da ka haura arba'in, ka riƙe musu jaka.

Daf da ƙofa akwai wata sanda da aka gitta a sama, mutane da yawa kan wuce ta ƙarƙashinta ba su ɗaga kai ba. Tsayinta mita 2.45, wato tsallen da Javier Sotomayor na Kuba ya yi a 1993, wanda har yau babu wanda ya wuce shi. Ka tsaya daidai ƙarƙashinta ka miƙa hannu sama. Mutum matsakaici ko yatsansa ba zai taɓa ta ba. Sandar saman ragar ƙwallon ƙafa mita 2.44 ce, wato wannan ta ɗara ta da santimita ɗaya, kuma wani ɗan Adam ya taho da gudu ya wuce da dukan jikinsa ta samanta bai taɓa ba. A talabijin ba a gane wannan. Gani ya kori ji.

A ciki hawa uku ne, daga sama ake farawa a gangaro. Bayanan da ke jikin kaya akwai su da Faransanci da Turanci, don haka ɗan Maraɗi da ɗan Katsina kowa zai karanta. Babban kuskuren baƙo shi ne ƙoƙarin karanta komai. Kayan da aka baje sun haura dubu, ga allunan bidiyo ko'ina, in ka ce sai ka tsaya a gaban kowanne, kafin ka gama hawan farko idonka ya gaji, sauran biyun sai dai ka ratsa su. Ka ware awa uku, ka ba hawan sama mafi yawa, kuma tun daga gida ka zaɓi zare ɗaya da za ka bi. Wani zai bi tarihin mata a wasanni, wani dambe, wani yadda fasahar auna lokaci ta canza. Ni zaren Afirka nake ba da shawara a bi, domin shi ne ba a shimfiɗa a fili ba, sai an nema.

Hawan sama ya fara da tsohuwar Girka, inda ake lissafin wasannin Olimfiya daga shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa, duk bayan shekara huɗu, har aka daina su wajen ƙarshen ƙarni na huɗu. Iyaye su sani tun yanzu: 'yan wasan wancan zamani tsirara suke fafatawa, kuma haka aka zana su a jikin tukwane da gumaka. Gara ka shirya abin da za ka ce wa yaro kafin ya tambaya da ƙarfi a gaban jama'a. Ka duba hannun 'yan damben da ke jikin tukwanen, za ka ga an naɗe shi da tsirkiyar fata har wuyan hannu, kusan yadda ɗan dambenmu yake ɗaure hannunsa da kara kafin ya shiga fage. Wanda ya yi nasara a Olimfiya ba zinare ake ba shi ba, rawanin ganyen zaitun ne, sai dai in ya koma garinsu ya samu gata har ƙarshen rayuwa.

Daga nan sai Coubertin da farfaɗo da wasannin a Atens a 1896, da zobba biyar da ya zana a 1913, da tutar da aka fara ɗagawa a wasannin Antwerp na 1920. Sai kuma inda kowa ke tsayawa, wato jerin sandunan wuta tun daga na farko. Ka je wurin ta 1936 ka matsa kusa. Ƙarfe ce mai sheƙi, gajera, da faifai a samanta don kare hannu, a jikin mariƙin an zana taswirar hanyar da wutar ta bi daga Olimfiya zuwa Balin, ta ƙasashe bakwai, a hannun masu gudu sama da 3,000. Mutane da yawa na ɗauka wannan al'ada daga tsohuwar Girka aka gaje ta. A'a, a Jamus ta Hitila aka ƙirƙiro ta, wani jami'in wasanni Carl Diem ya kawo shawarar, kuma kamfanin Krupp mai ƙera makamai ne ya ƙera sandunan. Cikin 'yan shekaru kaɗan sojojin Jamus suka shiga ƙasashen da wutar ta ratsa. A wasannin nan ne kuma Jesse Owens, baƙar fata daga Amurka, ya ci zinare huɗu a gaban masu cewa jininsu ya fi na kowa. Ka bi jerin har ƙarshe, za ka lura da giɓi: babu 1940, babu 1944, yaƙi ya cinye su kamar yadda ya cinye 1916.

Hawa na tsakiya na kayan 'yan wasa ne: takalma, riguna, kekuna, takubba, kwale-kwale, kayan zamiya a ƙanƙara da yawancinmu ba mu san sunansu ba. An jera su bisa nau'in wasa, ba bisa ƙasa ba, saboda haka kada ka ɓata lokaci kana neman kusurwar Najeriya ko ta Nijar. Abin da zai yi maka amfani shi ne na'urorin bidiyo, inda ake iya neman wasa ko ɗan wasa a kalla. Ka zo da sunaye da shekaru a rubuce a takarda, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci gudun fanfalaki a Roma a 1960 ba takalmi, a babban birnin ƙasar da ta mamaye tasu shekara 25 kafin nan, ya sake ci a Tokyo a 1964. Clement Quartey na Gana, azurfa a dambe a 1960. Nojim Maiyegun, wanda ya kawo wa Najeriya lambarta ta farko, tagulla a dambe a 1964, shekara 12 bayan ƙasar ta fara halarta a Helsinki. Issaka Daboré, tagullar Nijar a dambe a 1972, wadda ta zauna ita kaɗai shekara 44 kafin Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ƙara mata azurfa a taikwando a Riyo. Nawal El Moutawakel ta Maroko, zinare a 1984.

Sai Atlanta 1996, wadda duk wanda ya mallaki hankalinsa a lokacin ba ya bukatar tuni. Chioma Ajunwa ta Najeriya, 'yar sanda, ta yi dogon tsalle na mita 7.12 a yunƙurinta na farko, babu wadda ta kamo ta. A ƙwallon ƙafa Birazil na gaban Najeriya da ci 3 da 1, aka farke, Kanu ya rama a minti na ƙarshe ya kuma zura ta zinare, sannan aka doke Ajantina 3 da 2 a wasan ƙarshe. 'Yan Kaduna na da haƙƙin yin tinƙaho a nan, domin Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro duk yaran garin ne, kuma biyu daga ƙwallaye ukun wasan ƙarshe Babayaro da Amokachi ne suka ci. Bayan shekara huɗu Kamaru ta maimaita a Sidni. In yaronka bai san wannan ba, a gaban allon nan ya kamata ya ji shi daga bakinka.

Yanzu batun mai gida da labarinsa. Ba na cewa an yi ƙarya a gidan, kuma ba a share duk abin da ba shi da daɗi ba. Amma kiɗa da hasken fitilu da manyan allunan duk an tsara su ne don ka fito zuciyarka cike da zumunci da zaman lafiya, abin kunya kuwa in an ambace shi a gajarce ne. Mai ziyara da ya san tarihi shi zai cike giɓin da kansa. Coubertin da ake girmamawa a hawan sama bai goyi bayan shigar mata gasar ba, kuma sai a 1984 aka bar mata suka yi gudun fanfalaki. A wasannin 1904 a Amurka an ware kwanaki aka tara mutanen da ake kira marasa wayewa, aka sa su gasa don 'yan kallo su gwada su da Turawa. A 1968 an kori Tommie Smith da John Carlos daga wasannin Meziko saboda sun ɗaga dunƙulallen hannu a kan dandamalin karɓar lamba. A ƙarshen shekarun 1990 an kama wasu 'yan kwamitin da karɓar toshiya kafin a ba birnin Salt Lake wasannin hunturu, aka kori wasu, wasu suka yi murabus.

Wanda ya fi shafarmu shi ne 1976. In ka iso Montreal a jerin, ka tuna cewa ƙasashen Afirka sama da 20 sun ƙaurace wa wasannin, har da Najeriya, wadda 'yan wasanta sun riga sun isa suka haɗa kaya suka dawo. Dalili shi ne ƙungiyar zari-ruga ta Niyu Zilan ta je wasa Afirka ta Kudu a daidai lokacin da gwamnatin wariyar launin fata ke harbe ɗalibai a Soweto, kwamitin kuma ya ƙi hukunta ta. Ɗan Najeriya Abraham Ordia, shugaban majalisar ƙoli ta wasannin Afirka a lokacin, na cikin waɗanda suka jagoranci matakin. Matasan da suka yi shekara huɗu suna atisaye sun rasa damarsu, wasu har abada. Ana iya jayayya a kan ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma ni ina ganin wannan giɓi ya fi lambobi da yawa daraja, kuma babu akwatin gilashi da za a iya saka shi a ciki.

Hawan ƙasa ya fi sauƙi. An kwaikwayi ƙauyen 'yan wasa, da abincinsu da atisayensu, ga wasannin gwada saurin ido da daidaiton jiki da yara ba sa son bari. A nan lambobin yabo suke. Ka lura cewa a 1896 azurfa aka ba wanda ya zo na ɗaya, kuma rabon da a yi lambar zinare zalla tun 1912. Ta yanzu azurfa ce aka shafe da zinare aƙalla giram 6. Na wasannin Tokyo na baya-bayan nan daga tsofaffin wayoyi da kayan lantarki aka tace ƙarfensu, na Faris 2024 kuwa kowace na ɗauke da guntun ƙarfen hasumiyar Eiffel. A sashen da ke magana kan ƙwayoyin ƙara kuzari za ka ji labarin irin su Ben Johnson, da aka ƙwace wa zinare a 1988. Ka haɗa da namu: a Sidni a 2000 Najeriya ta zo ta biyu a tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu, daga baya wani ɗan tawagar Amurka ya amsa cewa ya sha ƙwaya, aka mayar wa Najeriya zinaren a 2012. Sunday Bada, ɗaya daga cikin huɗun, ya rasu a Disambar 2011, bai ga ranar ba.

Ɗalibi ko ɗan jarida mai bincike ya sani cewa a gefen gidan akwai cibiyar nazarin Olamfik da ɗakin karatunta, inda rahotannin wasanni da takardun kwamitin suke. A rubuta musu tun kafin a zo. Lokacin ma ya dace da mai neman abin rubutu, tunda a 2025 Kirsty Coventry ta Zimbabuwe ta zama mace ta farko kuma 'yar Afirka ta farko da ta shugabanci kwamitin, ga kuma wasannin Olamfik na matasa da aka ba birnin Dakar na 2026, karo na farko da aka ba Afirka wata gasar Olamfik.

Abinci a Siwizalan tsada gare shi, na wuraren yawon buɗe ido kuma ya fi. A saman gidan akwai wurin cin abinci mai baranda da ke kallon tafki da tsaunukan Faransa. Ka hau ka sha shayi saboda kallon, amma cikinka ka cika shi da abin da ka saya a Migros ko Coop. Ranar Lahadi yawancin shaguna a rufe suke sai na tashar jirgi. In kana karanta jerin abinci ka kula da kalmomin porc da jambon da lard, duk alade ne, kuma narkakken cukun nan da suke alfahari da shi yawanci da giya ake dafa shi. Ruwan famfo ana sha, ka zo da gora. Akwai masallatai a garin, amma ƙaramar darduma a jaka za ta hutar da kai. Ka duba jadawalin salla na ranar, domin a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, a Disamba kuwa kafin biyar magariba ta yi.

Uwargida mai sa niƙabi ta san wannan tun kafin a yanki tikitin jirgi: daga 1 ga Janairu 2025 doka ta hana rufe fuska a bainar jama'a a duk faɗin Siwizalan, ba a ware baƙi ba, kuma tarar na iya kaiwa faran 1,000. Hijabi ko mayafin da ya bar fuska a buɗe babu laifi. Bakin tafki na da iska ko da bazara, a riƙe rigar sanyi. Cajar waya mai baki uku irin ta Najeriya ba ta shiga soket ɗinsu, sai da mahaɗi.

In ka fito da sauran rana, daga tashar jiragen ruwa ta Ouchy akwai jirgin da ke tsallaka tafkin zuwa Evian a Faransa, garin da ruwan kwalbar nan ya samo suna, tafiyar kamar minti 35. Ka riƙe fasfo a jikinka tunda iyaka za ka ƙetare, ka kuma tambayi lokacin jirgin ƙarshe na dawowa kafin ka hau, musamman in da zaman taro washegari da safe a Janiba.